Masu tattara tarihin unguwa a Ngaundere: aikinsu na da kyau, ajiyarsu ce abin tsoro

Masu tambaya ko ya dace mutum ya kwashi tsofaffin takardun gidansu ya kai ma 'yan ƙungiyar nan da ke tattara tarihin unguwa a nan Ngaundere ta ƙasar Kamaru, amsata ita ce eh ku kai, amma ku tsaya a kai har a gama ɗauka ku koma gida da abinku a ranar, kar ku bari asalin takarda ta kwana a can ko da wa ya roƙe ku. Ni gyaran waya da kwamfuta nake yi, to akwai abin da idona ke gani wanda su nasu bai gani, zan zo kanshi.

Ga wanda bai san su ba, ba wani babban buro bane fa, zaure ne da ɗaki ɗaya da wani dattijo ya ba su aro a cikin tsohon gari, asabar da lahadi suke buɗewa, sauran ranaku sai an yi waya. Yawancinsu yara ne 'yan jami'ar Ngaundere da ke Dang masu karatun tarihi, sai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya yi ritaya shi ke riƙe da kaye, wato littafin rajista, da kuɗin kotizasiyon, wato karo-karo, sai kuma wani tsohon malamin allo wanda a gaskiya shi ne ƙungiyar, in ya tashi yau rabin aikin ya tsaya. Suna ɗaukan hoton takardu, suna naɗar muryar tsofaffi, suna zagayawa da baƙi cikin tsohon gari har ƙofar fada, kuma suna da ɗan ɗakin da suka jera kayan da.

Abin da ya kai ni wata gafaka ce da muka tarar cikin adakar kakan babana, gara ta ci gefe ɗaya, ciki akwai wasiƙu na ajami, da wani ɗan littafin bashi, da takardun haraji na zamanin Faransa, da hotuna baƙi da fari na situdiyo. Duk gidanmu ba mai iya karantawa, har yayana da ya sauke, don rubutun irin na da ne mai kauri, irin na allo, ba wasali a wurare da yawa, ga tawada ta koɗe. Yadda suka karɓi kayan ya burge ni kam. Yarinyar da ke ɗauka ta fara wanke hannu ta shanya, ta shimfiɗa baƙin yadi a kan tebur, waya ce kawai suka ɗaure a jikin wani katako tana kallon ƙasa, fitila biyu dama da hagu, ba filashi, kowane shafi sai ta ajiye 'yar takarda mai lamba a gefe sannan ta ɗauka, gaba da baya, har bayan da ba rubutu. Na tambaye ta bayan na mene ne, tace wani lokaci hatimi ko sunan ɗan aike a can yake fitowa in an ƙara haske. Takardar da ta manne da 'yar uwarta ba su ɓamɓare ta da ƙarfi ba, ba su sa sikoch, wato salatif, ba, wanda shi ne abin da mutanenmu ke fara yi da sun ga takarda ta yage, kuma sikoch ɗin nan bayan 'yan shekaru shi ke cinye rubutun ya bar jan tabo. Kuɗin ɗauka sefa 100 ne shafi, karatu da fassara kuma abin da ka ga dama ka ba Malam, ni na ga ya kamata a ce an yanka mishi farashi, don na ga wanda ya zaunar da shi tun la'asar har magariba ya miƙa mishi 500.

Karatun nan shi ne abin zuwa gani wallahi. Malam ya ɗora takarda a gwiwa ya matso da ita bakin ƙofa, ya yi shiru yana motsa leɓe, sannan ya fara. Wasiƙa ɗaya ta buɗe da Larabci, gaisuwa da addu'a, ta juya Hausa wajen maganar kuɗi, can ƙasa aka ƙara layi biyu da Fulatanci, yace wannan don mai masauki ne aka sa. Littafin bashin kuwa duk lissafin goro ne, ƙwarya kaza wajen wane, huhu kaza ya lalace a hanya, ga sunayen garuruwa Banyo, Tibati, Yoko, Kunde. Nan Malam ya ajiye takarda ya yi mana darasi, yace ku yaran yanzu kun ɗauka jirgin ƙasa ne ya kawo Bahaushe garin nan, alhali jirgi sai 1974 ya iso, fatake kuwa tun Fulani na kafa mulki a ƙasar nan suke biye da su, daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi, su biyo ta Yola su hauro tudu da tufafi da kanwa da dutsen wuya, su koma da goro da hauren giwa, daga baya da danko. Kunde da yanzu ba ka jin sunanta babbar kasuwa ce a lokacin, kuma ta hanyar Yoko ɗin nan 'yan uwanmu suka gangara kudu har aka samu unguwar Hausawa a Yawunde. Nace Malam to kakan namu madugu ne kenan? Ya yi dariya yace ɗana kar ka ɗora mishi rawanin da bai naɗa ba, mai rubutun nan yaron wani ne, lissafin uban gidansa yake riƙewa, duba nan inda yake cewa a gaida maigida. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don da irin masu neman a ƙara musu na goro ne da tuni ya mai da mu jikokin sarkin Kano.

In ka tambaye ni abin da ya fi komai daraja a wajensu, naɗar murya ce. Suna bin tsofaffi gida gida, kuma abin da na yaba shi ne ba su tsaya kan masu sarauta ba. Tarihin sarakuna ai an riga an yi aiki a kanshi, marigayi Eldridge Mohammadou ɗan Garwa ya ƙare rayuwarsa yana bin fadojin lamidai yana naɗar abin da dattawa ke faɗa yana rubutawa, daga baya ya koyar a jami'ar Maiduguri, ya rasu 2004, duk mai son jerin lamidai da yaƙe-yaƙensu zai samu. Amma wa ya zauna da tsohuwa mai tuwo-tuwo ya tambaye ta yadda bakin gar, wato tashar jirgin ƙasa, yake shekarar da jirgi ya fara zuwa? Wa ya tambayi mahauci yadda ake rabon fawa, ko baduku inda yake samo jar fata, ko wanzami, ko maroƙin fada da ke wasa lamido Bafulatani da Hausa? Su waɗannan yaran sun yi. Sun kunna min ta wata Hajiya da ta rasu bara, tana ba da labarin yadda danginsu suka rabu biyu bayan ƙuri'ar 1961, lokacin da arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi Najeriya, 'yan uwan mamarta na Mubi suka wayi gari 'yan wata ƙasa, tana faɗa tana dariya tana cewa su dai ba su fasa kai amarya ba. Akwai ta wani Baba da kakansa ya tafi Makka a ƙasa ta Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu, da Abeshe ya shiga Sudan, ya yi shekaru yana noma a hanya kafin ya tara kuɗin tsallaka teku, ya dawo ya tarar an raba gadonsa. Kuma suna barin mutum ya yi magana da harshen da ya zo mishi, tsohuwa ta fara da Hausa ta zarce Fulatanci ta jefa Faransanci ba mai katse ta, haka muke magana a garin nan ai, in aka gyara ta zama Hausar rediyo to ba mu bane kuma.

Gyara ɗaya a nan, yaran na da gaggawa. In tsoho ya yi shiru yana lalubo abu a kanshi sai su jefo wata tambayar, kuma tambayoyin daga takarda suke karantowa, ina aka haife ka, wace shekara, alhali tsoffinmu ba da shekara suke lissafi ba, da zamanin lamido wane ne, ko shekarar fara, ko shekarar da aka karya darajar sefa, wato 1994. Maza ne kuma ke yawan zuwa naɗa, to akwai maganar da Goggo ba za ta taɓa yi a gaban saurayi ba, maganar aure da haihuwa da kishi da yadda mata ke juya kuɗi daga cikin kulle, yarinya ɗaya ce cikin masu naɗar kuma ita ce mai ɗaukan hoton takardu, aiki ya mata yawa.

Zagayen gari kuma, jaka 2 ta sefa ne mutum ɗaya, in kuna da yawa a yi ciniki, kuɗin shiga fada daban yake ba su ke karɓa ba. Yaron da ya zagaya da mu ya san abinsa ba laifi, ya fara daga tutar da Modibbo Adama ya karɓo wajen Shehu Usman Ɗan Fodiyo a 1809, ya zo kan Ardo Njobdi da ya kafa mulkin Fulani a nan wajen 1835 a ƙasar da Mbum ke zaune tun da, ya yi bayanin yadda Ardo Isa ya faɗaɗa ƙasar, har zuwa 1901 da Jamus suka ci garin aka kashe Lamido Abbo, sannan Faransa ta karɓa a yaƙin duniya na farko, 'yan mishan na Norway suka zo 1925, shi ya sa har yau muke da unguwar da ake kira kartiye Norvejiyan. A fada ya nuna mana zaurukan nan masu jinka da ke saukowa kusan ƙasa da manyan ginshiƙai masu zane, kuma ya faɗi gaskiya cewa ginin na Mbum ne, na ji daɗi da bai ɓoye ba. In za ku je ku daidaita da juma'a, ku ga fitowar lamido zuwa masallaci da dogarai da kakaki da algaita, ranar ce zagayen ke biyan kuɗinsa.

Inda muka saɓa da shi maganar bayi ce. Wani baƙo ɗan kudu da ke cikinmu ya tambaya da me garin ya yi arziki haka a ƙarni na 19, yaro yace shanu da kasuwanci, ya wuce. Nace ƙanena tsaya, shanu da kasuwancin me? Sai ya rage murya yace Yaya wannan maganar dattawa sun ce a bar ta. To ni ban yarda ba. Kowa ya san Ngaundere ta kai hare-hare ƙasar ƙabilun Baya da Kaka da Laka, ta kamo mutane, ana kai wasu Yola a matsayin gaisuwar shekara, wasu a zaunar da su gonaki, wasu kuma a sayar, kuma masu sayen nan da yawa fatakenmu ne, Hausawa, ba wasu aljanu ba. Kuma labarin ba baƙi da fari bane, don a fadar nan akwai manyan muƙamai da bayin sarki ke riƙewa har da na yaƙi, ga auratayya tsakanin gidan sarauta da Mbum. Na gane tsoronsu, jikokin kowa na nan a unguwa ɗaya, ana sallah sahu ɗaya ana auren juna, ba wanda yace a kama sunan gidan wani. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ka kira kanka mai tarihi ka karɓi kuɗin mutum to ka faɗa mishi yadda abin yake ba tare da ka nuna ƙofar kowa ba. Haka bangaren Mbum, ban da maganar gini ba su da komai, ko murya ɗaya ba su naɗo daga wajen mutanen Belaka, sarkin Mbum, ba, ga garinsa Ngan-Ha nan ba wata uwa duniya ba.

Ɗakin kayan da kuwa ba zan ɓata muku lokaci ba, bai kai ba tukuna. Takobi biyu, kwari da baka, tandu, taskira, mazari, tsohon ma'aunin goro, wuri cikin kwalba, wata fitilar aci-balbal, duk a kan tebur ƙura ta rufe. Rubutun bayani da Faransanci ne kawai, tsoffin da suka ba da kayan ba za su iya karanta abin da aka rubuta kan kayansu ba, me zai hana a sa Hausa da boko da ajami? Kuma bayanin ma suna ne kawai, takobi, to mun gani takobi ne, na wa, daga wane gida, wa ya ƙera? Ba na haɗa su da gidan tarihin sarakunan Bamun da aka buɗe a Fumban a 2024, wannan na masarauta ne, amma rubuta sunan gidan da abu ya fito ai biro da kaye kawai yake so. A 2023 masu bincike sun ƙirga kayan Kamaru sama da 40,000 a gidajen tarihin Jamus, muna ta cewa a dawo da su, to wanda ke hannunmu ma ya muka riƙe shi? Abu ɗaya dai na yaba, suna gargaɗin mutane kan dillalan nan masu yawo gida gida suna sayen tsofaffin kaya da littattafai da 'yan canji, kuma su ba sa saye ba sa sayarwa.

Yanzu ga abin da ya sa nace kar ku bar asali. Ɗakin nan na yoyo, kuma kun san daminar Ngaundere, daga Afrilu har Oktoba bango ba ya bushewa, na ga kwali a ƙasa cike da takardun mutane da aka bari wai sai an samu lokaci, na ɗaga na sama na ji warin fumfuna. Wannan ɗaya kenan. Na biyu ya fi tada min hankali, duk muryoyin nan da duk hotunan nan a kwamfuta ɗaya suke, tsohuwa, batir ya mutu sai a jikin kuran, wato wutar lantarki, take aiki, da diski ɗaya na waje wanda ke zaune cikin jaka ɗaya da kwamfutar. Kamar mutum ne ya tara hatsin shekara a rumbu ɗaya ya kuma hura wuta a gindinsa. Ni kullum a shago nake ganin masu kuka, kuran ya ɗauke ya dawo da ƙarfi ya ƙona kati, diski ya faɗo daga kan tebur ya fara ƙaf ƙaf shikenan, ɓarawo ya ɗauki jaka ya tafi da duka biyun. Waya in ta mutu a sayi wata, amma Hajiyar nan ta Mubi fa ta riga ta tafi, ba inda za a sake naɗo ta. Na ce ma malamin lakwal ɗin, Baba ku yi kwafi uku, ɗaya nan, ɗaya a wani gida daban, ɗaya a intanet, ku kuma nemi sashen tarihi na jami'a su ajiye muku ɗaya tunda yaransu ne ke aikin. Yace in sha Allah in kotizasiyon ta shigo. Diski ɗaya bai kai kuɗin ragon suna ba, kuma na ga sun buga riguna masu tambari.

Sai yadda suke ba ka kayanka. Ta WhatsApp suke turowa a matsayin hoto, shi kuma yana matse hoto ya rage mishi ƙarfi, takardar da aka ɗauka tas sai ta iso maka in ka buɗa ta da yatsa rubutun ya dagule, ga ajami ɗigo ɗaya ke raba harafi da harafi. Ku je da kile ɗinku na USB sabo, ku ce a zuba muku na asali, ko a turo a matsayin dokima, wato fayil ba hoto ba. Sunan fayil ma lambobin waya ne kawai, ba su sa lambar da ke cikin kaye ba, ranar da yarinyar nan ta gama jami'a ta yi aure ta tafi Garwa ban ga wanda zai gane wane hoto ne na wane gida ba.

Akwai kuma abin da ya ɓata min rai ni kaina. Cikin hotunanmu akwai na Goggona tana budurwa, ba lulluɓi, irin na situdiyo da ake yi da, kwatsam sai ga shi a shafinsu na Facebook an rubuta matan da, mutane na ta sharhi. Ba wanda ya tambaye mu, ita kuma tana raye, jikokinta ne suka nuna mata. Da na kira sun cire nan take sun ba da haƙuri, har Malam ya tako da ƙafarsa ya zo gida ya gaida ta, wannan ya wanke su a wajena, amma har yanzu ba su da wata takarda da mutum zai sa hannu yace wannan a nuna ma duniya, wannan a ajiye kawai, wannan sai bayan raina. Littafin bashi ma haka, sunayen kakannin mutane ne a ciki da abin da ake bin su, ba abin watsawa bane. Saboda haka tun kafin a ɗauka ku ware, ku faɗa da baki, ku sa a rubuta a kaye a gabanku.

Wanda zai je ya je da safe ranar asabar, hasken ya fi kyau kuma Malam bai gaji ba, bayan azahar idonsa ba ya ja. Ku kira tukuna don wani lokaci duk sun tafi naɗa. Mai moto, wato ɗan acaɓa, in ka ce mishi tsohon gari wajen fada zai sauke ka kusa, sauran ka tambaya. Kar ku goge takarda da tsumma, kar ku yi mata fotokopi ko ku kai a manne ta da leda mai zafi, ku sa ta tsakanin kwali biyu yadda take ku kawo. Ku tafi da wani babba na gida wanda ya san sunaye, don Malam zai karanto suna ya tambaye ku wane ne wannan, ku kuma kunna rikoda a wayarku lokacin da yake karatu don su ba sa naɗar wannan, fassarar da za su rubuto muku a taƙaice take. In kuna da tsoho a gida mai labari ku kira su su zo, naɗa kyauta ce, na moto kawai za ku ba yaran, amma kafin su fita ƙofa ku sa su tura muku kwafi a wayarku.